Yadda Na Tsara Hidimar Babbar Sallah a Garwa, Daga Adashe Zuwa Tuyar Nama

Daren jajiberin Babbar Sallah, in ka zaga Garwa, a arewacin Kamaru, za ka ga wuraren da wahalar magidanta ke taruwa: bakin shagon tela, gaban rumfar masu cire kuɗi ta waya, da turken 'yan raguna. Mutum ɗaya ne ke son ya gama abu biyar kafin gari ya waye, kowane abu yana hannun wani, wanin nan kuwa mutum talatin ke jiransa. Na daɗe ina ɗauka rashin kuɗi ne kaɗai ke jawo wannan. Sallar da ta wuce na sake tsari da kusan kuɗin da na saba kashewa, shi ne nake so in bayyana daki-daki, da abin da na biya, da inda aka jira, da inda aka samu tangarɗa. Gidan namu mutum bakwai ne, ni da uwargida da yara huɗu da Inna, ga kuma ƙanwata da 'ya'yanta biyu da ke zuwa daga Yawunde.

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne, kuma mako guda bayan sauke azumi na fara. Muna da adashe na mutum goma, zubin sefa 25,000 a wata, kwasa 250,000. Tawa kwasar ta faɗo bayan Sallah, don haka na je wurin mai riƙe da adashen na nemi musanya da wani da ke jiran kuɗin makarantar yara na watan Satumba, shi kuwa jinkirin ya fi masa. Wannan magana da wuri ake yin ta, domin in Zulƙida ya kama kowa kwasa yake so. Na haɗa da 100,000 da na tara, suka zama 350,000. Bayan sallar isha'i muka zauna da uwargida da littafi da biro, muka raba: rago da abincinsa 125,000, yadi da ɗinki da takalma 90,000, cefane 65,000, taimakon tafiyar ƙanwata 30,000, mahauci da barka da Sallah 20,000, sai 20,000 na ko-ta-kwana. Kowane kaso da ambulan ɗinsa, an rubuta sunansa a bayansa. Ita ce ta tuna mini da gas da icce da kuɗin niƙa, waɗanda ni ban taɓa sa su a lissafi ba alhali kowace shekara sai an saye su. Ta ce, "Malam, in ba a rubuta ba, ranar jajiberi daga kuɗin miya za a cira." Wanda duk zai yi wannan lissafi shi kaɗai a zaure, rabin hidimar gidan ba zai gani ba.

Washegarin kwasa muka shiga babbar kasuwa sayen yadi. Shadda mita biyar tawa, mita uku-uku ta yara maza biyu, turmin atamfa biyu na uwargida da Inna, da turmi ɗaya da aka raba wa 'yan mata, duka 48,000. Ranar muka kai wa tela, saura kwana 55. Shagon babu kowa sai yaransa, ya auna yaran a natse, ya ƙara ɗan tsawo a wando da hannun riga saboda kafin Sallah yaro yana iya miƙewa. Mun yi jinga a 28,000, na ba da kafin alƙalami 14,000, ya rubuta a littafinsa na rubuta a nawa, na kuma ɗauki hoton kowane yadi da waya tare da ƙyallen da ya maƙala masa suna. Ranar karɓa da muka tsayar ita ce ɗaya ga Zulhajji, ba jajiberi ba. Abin da na lura da shi shi ne, ajiye yadi da wuri bai isa ba. Tela yakan tura na wanda bai matsa ba ƙarƙashin tebur ya ɗauko na mai zuwa kullum. Bayan kwana goma na leƙa, yadin yana nan a naɗe yadda na kawo shi. Ban yi faɗa ba, na zauna a benci na ce, "Maigida, yau dai a sa almakashi a gabana, in ya so ɗinki ya biyo baya." Ya yi dariya ya yanka. Yadin da aka yanka ba ya daɗewa a shago, domin shi kansa telan yana tsoron guntayen su cakuɗe da na wani.

Saura wata guda na kira ƙanwata kan maganar hanya. Daga Yawunde zuwa Ngaundare jirgin ƙasa ne na dare, tafiyar kilomita 622, ya tashi da yamma ya iso da safe, sannan a hau mota zuwa Garwa, kusan kilomita 280 ta gangaren dutsen nan na bayan Ngaundare. Ɗakunan kwana, wato kushet, su ke fara ƙarewa, kuma mai ƙananan yara su ta fi bukata. Na ce ta duba abu uku a daren: katin ɗan ƙasa nata ko bai ƙare ba, takardun haihuwar yaran, da katin makarantar babbar. Da suna ake yanka tikiti, a shingayen hanya kuma jandarmomi suna tambayar kati, mace da yara sukan so su ga shaidar cewa nata ne. Ta yi kwafin takardun haihuwa ta bar na asali a gida. Na tura mata 15,000 ta waya. A tuna cewa tun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa, ban da ladan kamfani, saboda haka in kana so mutum ya riƙi kuɗi cif, sai ka ɗora na cirewa a kai. Ta tsayar da isowa saura kwana biyu Sallah, ba jajiberi ba, don in jirgi ya makara ko mota ta lalace a samu rarar yini.

Maganar rago ita ce ta fi cin tunani, nan kuma zan daɗe. Masu cewa a bari sai daren Sallah suna da hujja, wata shekara raguna kan yi kwantai masu su su karyar da farashi don kada su koma da su. Amma wata shekarar sai a wayi gari babu na kirki sai ramammu, farashi kuma ya haura. Wanda ke da ambulan ɗaya tak na rago bai kamata ya shiga wannan caca ba. Na zaɓi saye saura mako uku, lokacin da dabbobi sun fara shigowa daga ƙauyuka amma masu saye ba su yi yawa ba. Ranar Lahadi na tafi kasuwar Pitowa, wani gari kusa da Garwa, da sassafe tare da wani maƙwabcina da ya san dabba. Sa'a guda muka yi muna zagawa ba mu taya ko ɗaya ba, muna jin abin da ake sallamawa. Wannan zagaye shi ke ba ka farashin ranar, ba abin da aka gaya maka a gari ba.

Da muka ga wani Uda, gabansa ja bayansa fari, maƙwabcin nawa bai fara da kallon girmansa ba. Ya buɗe bakinsa. Tumaki ba su da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa: in takwas ne ƙanana masu kai ɗaya, na nono ne, ragon yaro ne. In manya biyu masu faɗi sun fito a tsakiya, ya haura shekara, babu sauran kokwanto a kan layyarsa, tun da malamanmu shekara guda cikakkiya suke shar'antawa ga rago. Ya janye fatar ido ta ƙasa, ja ce shar, in da ta yi fari da tsutsar ciki ta sha jininsa. Ya duba hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya babu kashi a manne, kunnuwa ba a yanke ba, ƙaho ba karyayye mai jini ba. Ya sa aka kwance shi aka ja shi ya yi tafiya don a ga ko yana ɗingishi. Sannan ya dafa gadon bayansa da tafin hannu ya matsa. In ƙashin baya ya soki hannunka, babu nama, komai tsayin ragon. Ciki kuwa ba a yarda da shi, domin akwai masu ba dabba kanwa da gishiri da safe ta sha ruwa ta cika fam, ka kai gida kwana biyu ta saɓe. Dillali ya ce 140,000. Na taya 90,000, ya ce albarka. Muka yi kamar za mu wuce, ya kira mu, aka yi ta ja har mai ragon ya sallama a 105,000. Rabin cinikin kasuwar nan da Fillanci ake yi, booro shi ne jaka, wato sefa 1,000, ƙananan kuɗi kuma da dala, wato sefa biyar-biyar, ake ƙirga su. Kafin in zaro kuɗi sai da na rubuta lambar a waya na nuna wa mai rago da dillali duka suka gyaɗa kai. La'ada 2,000.

Kada a fita da dabba daga kasuwa ba takarda. Akwai teburin ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke yanka rasit, kusa da shi kuma ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi da ke duba dabba ya ba da takardar wucewa. Na jira kamar minti ashirin, na biya 1,000 duka biyun, na roƙi a rubuta launin ragon da sunan mai sayarwa a bayan rasit. Gab da Sallah satar dabbobi tana yawa, in wani ya zo ya ce nasa ne, takardar nan da dillalin da ya san mai shi su ne za su fid da kai. A hanyar dawowa an tsayar da mu an tambaye ta, na nuna, muka wuce. Ɗauko shi zuwa gida 2,000.

Rana ta uku ragon ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura ta hagu, ya fara zawo. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin 105,000 ce a ɗaure a turke. Da na bincika, ashe yara don murna sun yi ta zuba masa dusa da sauran tuwo da shinkafa. Dabbar da ta saba da ciyawa in aka cika ta da hatsi lokaci guda, abincin yakan yi tsami a tumbinta, yana iya kashe ta. Na je ofishin likitan dabbobi da ƙarfe takwas, aka ce ya tafi mayanka duba nama, sai na zauna har goma saura. Mai zuwa wannan ofis ya bari sai hantsi, ko ya karɓi lambar waya tun kafin bukata ta taso. Da ya zo muka tafi gida tare. Ya ce a ɗauke dusa gaba ɗaya na kwana biyu, a ba shi busasshiyar harawa da ruwa mai tsabta, ya ɗura masa magani ta baki. Na ce ko za a yi masa allura mai ƙarfi a huta, ya ce, "Alhaji, allurar da kake nufi takan zauna a nama mako uku zuwa huɗu, iyalinka ne za su ci ta." Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba: yawancin magungunan dabba suna da kwanakin da za a jira kafin yanka, a rubuce a jikin kwalba. Da ragon ya warware likitan ya ba shi na tsutsa, wanda kwalbarsa ta ce kwana 14, lissafi ya fita da 'yar rara. Na biya 2,500. Daga nan abincinsa ya zama harawar wake ko ta gyaɗa safe da yamma, dusa aka fara da tafi ɗaya ana ƙarawa a hankali har rabin kwano, da ɗan tunkuzar auduga, wadda ba ta wuya a Garwa saboda kamfanin auduga na Sodecoton. Abincin mako ukun ya ci 11,000. Babban ɗana shi kaɗai aka ɗora wa ciyarwa, aka share duk wata leda daga tsakar gida, aka matsar da turken ƙarƙashin rumfa saboda damina ta fara, da dare kuma a zaure yake kwana a kulle. Jimlar ambulan ɗin rago ta tsaya 123,500.

Cefane kashi biyu muka yi shi. Saura mako biyu muka sayi duk abin da ba ya lalacewa: shinkafa buhu mai kilo 25, man girki na Diamaor lita biyar, fulawa, sukari, gishiri, ɗanɗano, citta, kanumfari, masoro, barkono, ƙuli-ƙulin yaji, buhun gawayi, da icce. Iccen ne ya fi muhimmanci a saye shi da wuri a jibge inda ruwa ba ya taɓawa, don tuyar nama da ɗanyen icce hayaƙi ne da hawaye yini guda. Tukunyar gas mai kilo 12.5 aka sauya ta tun ba ta ƙare ba, saboda makon Sallah takan yi wuya. Wannan zagaye ya ci 48,000, aka bar 17,000 na kayan miya. Kafin wata ya kama na je na yi aski na yanke farce, tun da an so mai niyyar layya ya bar su daga ɗaya ga wata har ya yanka.

Da aka sanar da ganin watan Zulhajji, ranar Sallah ta tabbata, saura kwana tara. Na je karɓar ɗinki. Na mata da na yara sun kammala, tawa rigar kuwa tana wurin mai aikin wuya, wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa kekensa bai yi aiki ba. Da jajiberi ne da an kwana a shagon, amma da yake akwai kwana tara, na ce zan dawo bayan uku, na riƙe 5,000 daga ciko. A gida aka gwada wa kowa nasa a daren, wandon ƙaramin ya matse a ƙugu, aka mayar aka buɗa shi cikin minti goma. Gwaji ranar karɓa wajibi ne, kaya a leda ba a san lafiyarsu ba. Takalma da huluna 14,000, da yaran a tsaye aka saya, ba da awon igiya ba.

Saura mako guda na yi abubuwa biyu da ban taɓa yi da wuri ba. Na farko, na je ajans, wato ofishin kamfanin mota, don tikitin komawar ƙanwata zuwa Ngaundare. Kowa zuwa yake tunani, komawa kuwa ita ce ke cushewa, domin ma'aikata duka rana ɗaya suke son juyawa. Tun mako biyu baya na taɓa leƙawa aka ce ba a buɗe rajistar ranar ba, in dawo saura kwana goma ko ƙasa da haka. Motoci iri biyu ne, mai tashi a kan lokaci da mai jiran ta cika. Wanda zai kama jirgin yamma a Ngaundare ya ɗauki mai lokaci, ta asuba. Na yi layi kusan minti arba'in, aka nemi kwafin katinta da sunayen yara, ta riga ta turo mini hotonsu na buga, na biya 15,000 kujera uku. Na biyu, na je gidan mahaucin unguwa muka yi jinga a 5,000, na ba shi 2,000, ya sa ni na uku a jerinsa. Ladan mahauci da kuɗi ake biya, ba da nama ko fata ba, tun da ba a sayar da komai na layya. In ka ba shi nama, kyauta ce daban. Na kai wuƙaƙe uku aka wasa, na sayi igiya da sabuwar shimfiɗar leda.

Kuɗin hannu ma sai da na shirya. Saura kwana biyar na cire abin da ya rage a waya, domin ranar jajiberi rumfuna da yawa tsabar kuɗinsu takan ƙare tun azahar. Canji kuwa kowa ya san yadda yake wuya a garin nan, saboda haka tun wata guda baya duk takardar 500 da silallan 100 da suka shigo hannuna gwangwani nake jefa su. Ranar Sallah 15,000 ta barka da Sallah tana nan a warware. Saura kwana uku aka kai niƙa da asuba kafin layi, aka yi cincin da dubulan, 'yan mata suka yi kitso, washegari lalle. Aka cika randuna da duro biyu da ruwa, saboda wankin kayan ciki kaɗai yana cin ruwa mai yawa, famfo kuma ba a dogara da shi ranar da kowane gida ke buɗe nasa. Tumatir da attaruhu da albasa saura kwana biyu aka saya, sun yi tsada fiye da lissafinmu, na ciro 4,000 daga ko-ta-kwana. Ranar ce ƙanwata ta iso da la'asar, jirgin ya makara da wasu sa'o'i, amma babu wanda ya damu don ba a gaggawar komai.

Ranar Arfa muna azumi, aikin da ya rage kaɗan ne. Aka haƙa rami a bayan gida na jini da abin cikin tumbi, aka ɗauke wa rago abinci daga magariba aka bar masa ruwa, don tumbi ya yi sauƙin gyara. Muka zauna da Inna ta lissafa gidajen da za a kai wa nama, uwargida tana rubutawa: maƙwabta, surukai, gwauraye biyu na layinmu, malamin makarantar allo, gida goma sha huɗu. Aka raba aiki, wa ke wankin hanji, wa ke babbakar kai da ƙafa, wa ke kula da ƙananan yara. Da ƙarfe goma na dare gidan ya yi tsit, kowa ya kwanta. Na daɗe ban ga daren Sallah irin wannan ba, kuma abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne ganin uwargida ta yi barci kafin ni.

Da aka sauko Idi ba mu yi gaggawa ba, sai da labari ya zo liman ya yanka, don wanda ya riga shi nama ya ci, ba layya ba. Na yanka da hannuna. Mahauci ya iso sha ɗaya da rabi, ya makara da kusan sa'a, amma cikin minti arba'in ya feɗe ya sassara. Na tsaya a kansa lokacin da ya fito da hanta da huhu, ya tsaga hantar muka duba, lafiya lau. In an ga tsutsa ko ƙulli mai ruwa, a yanke a binne, kada a jefa wa kare. Kayan ciki su ake fara dafawa a ranar saboda su ke saurin lalacewa a zafin Garwa. Rabo ya fita kafin la'asar, kowane kwano da takardar sunan gida a kai, yara biyu suka gama zagayen cikin sa'a guda. Fata aka barbaɗa mata gishiri aka kai makarantar allo kafin ta yi wari. Sauran naman aka rataye inda iska ke shiga, nesa da ƙuda, washegari aka sulala shi da albasa da kayan ƙamshi, aka soya har ruwan jikinsa ya ƙone ƙurmus, aka zuba a tukunya kitsen ya rufe shi. Firiza ba mu sa komai a ciki ba sai ruwan sha, domin in wuta ta ɗauke yini guda asara ce. Cinya ɗaya aka yi dambu da ita, shi ne ƙanwata ta tafi da shi, ya fi soye jure doguwar hanya. Ziyara ma kashi uku muka yi ta, ranar farko maƙwabta, ta biyu surukai, ta uku dangi na nesa. Yaran da za su kallon hawan dawakin Lamiɗo an sa musu takarda mai lambar wayata a aljihu, aka haɗa su da babba, saboda gudun babura a ranakun nan ba kaɗan ba ne.

Da na koma kan littafin bayan Sallah, abin da ya fito fili shi ne, duk inda aka samu tangarɗa a hannun wani ne ko a abin da ba ni da iko a kai: tela, mai aikin wuya, jirgi, mahauci, lafiyar rago. Ba ɗaya daga cikinsu da tsarin ya hana, abin da ya yi shi ne ya ba kowace matsala kwanakin da za a gyara ta. Saboda haka duk abin da ke bukatar layi ko alƙawarin wani shi ya kamata a fara, a kuma tsayar masa da rana mako guda kafin ainihin ranar bukata. Shara da wanki da jera kaya, waɗanda ke hannunka, su za a bar wa ƙarshe. Abu biyu zan gyara. Zan gaya wa yara dokar ciyar da rago tun kafin ya shigo gida, zan kuma kai aikin wuya tun ranar da aka yanka yadi, tun da shi ne ya dogara da wuta. Wanda gidansa babu wurin ɗaure dabba, ko babu mai kula da ita, mako uku ya yi masa yawa, ya saya saura kwana biyar zuwa bakwai, ko ya biya ya bar ragon a turken wanda ya amince da shi, da sharaɗin kuɗin abinci a rubuce. Wanda kuma lissafinsa bai kai rago ba, kada ya ci bashi mai nauyi, akuya ko tunkiya da ta cika sharaɗi ta isar, kwanakin yanka kuma uku ne, rana ta biyu sau da yawa farashi ya sauka.

Daga ambulan na ko-ta-kwana, ban da 4,000 na kayan miya, an kashe 6,000 a maganin Inna da ƙafarta ta kumbura rana ta biyu, da 2,500 na baburan ziyara, saura 7,500. Tun da kowace shekara Sallah tana matsowa da kusan kwana 11, na riga na duba kalanda na gaya wa mai riƙe da adashe watan da nake son kwasa ta zagaye mai zuwa, ya rubuta. Lambar likitan dabbobi da ta mahauci da ta dillalin Pitowa suna shafin ƙarshe na littafin, tare da awon yaran na bana.